Autanmu da Ƙofar Gidan Yari

Mu shida Inna ta haifa a Utai, ni ce ta biyu, shi ne na ƙarshe. Ba mai kiransa da sunan yanka, daga gida har waje Auta ake ce masa. Ni na yi goyonsa. Inna tana surfe ko tana bakin rijiya, shi yana bayana, ina jin ɗumin numfashinsa a wuyana. Shi ya sa ko da ya girma ya ajiye gemu, in na dube shi ba ƙaton da mutane suke gani nake gani ba.

Bayan an kawo ni ɗakin miji a cikin garin Wudil da 'yan shekaru, Baba ya rasu. Yayyen Auta maza kowa ya kama gabansa. Shi kuma ya gama sakandare da ƙyar, sakamakon bai yi kyau ba, zaman ƙauye ya ishe shi. Sai Inna ta ce ya dawo wurina ko Allah zai sa ya sami abin yi. Maigidana ya ba shi shagon da ke jikin zaure. A lokacin na fara sayar da abinci a bakin titi kusa da tasha, shinkafa da wake, da taliya da manja. Direbobi da 'yan kamasho da masu aikin yashi su ne masu yi min ciniki.

Abin da Auta ya samu shi ne wanki da ɗiban ruwa a gidajen da ɗaliban jami'a suke haya a cikin gari. Yaro ne mai fara'a, ga ban dariya, suna son sa. Yakan dawo yana kwaikwayon maganarsu, wannan daga Yola, wancan Basakkwace, har in riƙe ciki don dariya. Amma na lura da yadda yake yawan zancen wayoyinsu da takalmansu. Sa'anninsa ne, wasu ma ya girme su, shi kuma yana tsugune yana cuɗa musu wanduna.

Wata rana da hantsi ya ga waya a kan taga an sa ta caji, mai ita ya shiga wanka. Ya zare ta ya sa a aljihu, ya sayar wa wani mai gyaran waya a kasuwa. Ba a daɗe ba aka kama mai gyaran, shi kuma ya nuna Auta. Da na je ofishin 'yan sanda na same shi a tsugune, ba riga.

"Auta, kai ka ɗauka?"

"Ni ne, Yaya."

"Me ka rasa? Ci ka rasa ko wurin kwana?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi ban san abin da ya hau kaina ba. Na gan ta ne kawai."

Ba zan ce sharri aka yi masa ba, sata ya yi. Ɗalibin, da aka mayar masa da wayarsa, ya ce ya yafe, har rumfata ya zo ya ba ni haƙuri kamar shi ne mai laifin. Amma magana ta riga ta je kotu, daga kotu aka wuce da Auta gidan yari a Kano, wai jiran shari'a. Aka yi ta ɗage zama. Yau alƙali ya yi tafiya, gobe ba motar da za ta kawo su. Damina ta shigo ta fita yana jira. Ranar da aka yanke hukunci, watannin da aka ba shi ba su kai waɗanda ya riga ya yi a tsare ba, kuma daga ranar aka fara ƙirga masa.

Nakan je masa da garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sukari da sabulu. A zuwan farko ba ya iya magana sai kuka. Ya ce ɗakinsu a cike yake, ba a kwanciya sai a gefe ɗaya, in mutum zai juya sai na kusa da shi ya juya. Kuma ba a ware kowa ba. Wanda ya ɗauki waya, da wanda ya tare hanya da bindiga, da ɓarayin shanu, duk bokiti ɗaya suke amfani da shi.

Daga baya sai na ga kukan ya ragu. Ya ce akwai wani babban mutum a ɗakin, mai ɗingishi, da ya ɗauke shi kamar ƙani. Da zazzaɓi ya kama shi, mutumin ne ya ba shi bargonsa, ya sa aka matsa masa kusa da taga, ya hana masu ƙarfi ƙwace masa abinci. Na yi ta sa masa albarka. Daga nan in na ƙulla ƙuli-ƙuli nakan yi ƙulli biyu, in ce ɗaya na mai ɗingishi ne. Ban tambayi abin da ya kawo shi gidan ba.

Ranar da aka sako Auta ni na tarbe shi a ƙofa. Ya fito duk ƙazuwa a hannu, wuyansa kamar a murɗe. A watanninsa na ƙarshe an sa shi a ɓangaren kafintoci, ya koyi yanka katako da haɗa benci. A cikin mota har muka hau gadar Wudil zancensa ke nan. Ya ce, "Yaya, in na sami zarto da guduma da wanda zan zauna a ƙarƙashinsa, shi ke nan. Ni da ofishin 'yan sanda sai dai in wuce ta gabansa."

Washegari na kai shi Utai. Inna ta rungume shi tana shafa kansa, ba ta ce masa komai a kan abin da ya wuce ba. Muka shiga gaida Baffa, ƙanen Baba, wanda gonar gado take hannunsa. Auta ya durƙusa ya gaishe shi. Baffa ya amsa yana kallon bango. Da na kawo maganar a yankar wa Auta wani ɓangare ya noma kafin ya sami aiki, sai ya ce, "Gonar da kakanmu ya share da hannunsa ba za ta shiga hannun ɗan fursuna ba ina raye. Gobe ya sayar ya sha ƙwaya." A lokacin ko sigari Auta ba ya sha.

Muka dawo Wudil. Na bi kafintocin garin da na sani ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya karɓe ni da mutunci, a yi doguwar gaisuwa, a tambayi maigida da yara. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai fuska ta sauya. Wani ya ce yara sun yi masa yawa. Wani ya ce in dawo bayan Salla. Ɗaya ne ya gaya min gaskiya, ya ce, "Hajiya, kayan aikina tsada gare su, kuma gidajen mutane ake kirana aiki. In aka nemi cokali aka rasa, ni za a kama."

Sai na ce ya riƙa taya ni a rumfa, yana miƙa abinci yana wanke kwanuka. Ban daɗe ba na ga abin da ke faruwa. Yana matsowa da faranti, mutum zai ɗauke wayarsa daga kan benci ya tura aljihun gaba. Wasu ba da niyya suke yi ba, hannu ne kawai yake tafiya. Auta yana gani. A masallacin unguwa ma ya ce in ya shiga sahu, na kusa da shi sai ya waiga ya dubi inda ya ajiye takalminsa. Ciniki ya fara ja da baya, maigidana ya ce gara Auta ya bar zuwa rumfar. Ya koma zaman zaure. Da safe in fita in bar shi a kan tabarma, da yamma in dawo in same shi a wurin, inuwa ce kawai ta sauya gefe. Abokansa na da suka daina tsayawa. Wanda zai yi aure a cikinsu ma bai gayyace shi ɗaurin auren ba.

Ana cikin haka wata Juma'a, ranar kasuwa, gari ya cika da motocin shanu, sai ga wani mutum ya tsaya da babur a gaban rumfata. Ya sauko yana ɗingisawa, ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Yaya, ina wuni? Ni ne na ci ƙuli-ƙulinki." Na zuba masa abinci na ƙi karɓar komai. Ya tambayi ƙanensa Auta, na aika aka kira shi. Auta yana hango shi ya saki wata dariya da rabon in ji ta tun kafin a kama shi. Suka rungumi juna a bakin titi, mutane suna kallo. Tun fitowarsa, ban da ni da Inna, ba wanda ya taɓa jikinsa sai ranar.

Daga nan Auta ya fara fita. Ya ce mai ɗingishi yana harkar dabbobi, shi kuma yana tuƙa masa babur. Ya yi sababbin kaya, ya sayo wa yarana alewa. Idonsa ya fara ja, maganarsa ta fara nauyi irin ta mai shan ƙwaya. Na zaunar da shi na yi masa faɗa, na ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ya ce, "To Yaya, da wa zan zauna? Nuna min mutum ɗaya a garin nan da zai matsa min a benci." 

Gab da Babbar Salla aka kama su a hanyar Darki da raguna na sata, Auta ne a kan babur. Na wata tsohuwa ne da ta shekara tana kiwonsu. Mutanen ƙauyen suka yi musu dukan kawo wuƙa kafin 'yan sanda su iso. Wannan karon ba a daɗe ana jira ba, da alƙali ya ji ba zuwansa na farko ba ne, shekaru ya ba shi.

Yana ciki Inna ta kwanta ciwo. Ba ta cika ambatonsa a gaban yayyensa ba, don ta san fuskar da za su yi. Sai in muna mu biyu take tambaya, "Yana cin abinci kuwa? Akwai sauro a wurin?" Ta rasu da kaka, ana yankan gero. Bayan an yi bakwai na je na gaya masa. Akwai kanta a tsakaninmu, gandiroba yana tsaye a gefe, ga hayaniyar masu ziyara. Bai yi kuka ba. Sai ya ce, "Kusa da Baba aka sa ta?" Na ce eh. Ya ce, "Ta yi maganata?" Na ce kullum. Ya miƙe ya koma ciki tun lokaci bai cika ba, ya bar kayan da na kawo a kan kantar.

Fitowarsa ta biyu daban ce. Ya fito shiru-shiru, ba alkawari ba rantsuwa. Mai ɗingishi yana can bai gama nasa wa'adin ba. Maigidana ya so ya hana shi shagon, na yi ta roƙo har ya haƙura, ya ce amma wannan ne na ƙarshe.

A cikin masu cin abinci a wurina akwai wani dattijo, shugaban masu haƙar yashi a bakin kogi. Yana da kwale-kwale da dama da samari masu yi masa aiki. Baba kowa yake ce masa, ni ma haka. Wata rana bayan ya ci ya wanke hannu, na zauna na gaya masa komai, wayar da ragunan da ƙwayar, ban rage ba. Ya saurara yana sakace. Da na gama ya ce, "'Yata, kogi ba ya tambayar mutum daga ina ya fito. Yashi kuma ban taɓa ganin wanda ya sa shi a aljihu ya gudu ba. Turo min shi gobe."

Aikin yashi ba wasa ba ne. Mutum zai shiga ruwa har ƙirji, wani lokaci ya nutse da bokiti, ya cika kwale-kwale, a turo shi gaɓa a sauke, sannan a loda wa tifa da shebur. Makon farko Auta yakan dawo ya zube, jikinsa yana rawa, yana amai, don a lokacin ne yake yaƙin rabuwa da ƙwaya. Baba mai yashi ya gane, bai kore shi ba. In ya ga ya galabaita sai ya ce ya hau gaɓa ya zauna kusa da shi. Da rana in na aika musu abinci, kwano ɗaya suke ci, a gaban kowa. Da ya ji ya iya kafinta sai ya saya masa zarto da guduma da ƙusoshi, ya ce ya riƙa duba kwale-kwalen da suka fara shan ruwa. Daga baya har mukullin rumfar da ake ajiye shebura da igiyoyi ya damƙa masa.

Ban taɓa ganin abin da ya gyara ɗan'adam kamar mukullin nan ba. Auta ya ɗaura shi a igiya ya rataya a wuya, ko wanka zai yi ba ya cirewa. Jikinsa ya murje, kafaɗunsa suka buɗe, ya koma sallar asuba a masallaci. Dariyarsa ta dawo, ya fara kwaikwayon direbobin tifa. Rani biyu da damina ɗaya muka yi a haka. Na fara barci har da munshari, in ji maigidana.

A bakin kogin ya ga wata yarinya, 'yar wani mai sayar da kifi, suka daidaita. Da magana ta je wurin manya, uban ya ce a ba shi lokaci ya yi bincike. Binciken bai ɗauki lokaci ba. Ya aiko cewa ya riga ya yi mata miji. Auta ya yi kwanaki ba ya cin abincin kirki, amma bai fasa zuwa aiki ba. Baba mai yashi ya ce masa ya yi haƙuri, da kansa zai je ya sami uban yarinyar su yi magana ta dattawa. Kafin ya je, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya buge shi a bakin aiki, aka kwashe shi zuwa asibiti a Kano, bakinsa a karkace.

Yana kwance a can aka nemi injin ban-ruwa na wani mai noman rani a fadamar da ke kusa da inda suke aiki, aka rasa. Ba wanda ya ga Auta a gonar. Ba wanda ya ce ya gan shi da inji. Amma da 'yan sintiri suka zauna suka ce wa ake da shi a wajen nan, sunansa ne ya fara fitowa. Da safe suka same shi a cikin ruwa, suka kira shi gaɓa, suka ɗaure shi a gaban abokan aikinsa. Da gora suka yi ta dukansa wai ya faɗi inda ya kai. Yana cewa bai ɗauka ba, suna cewa haka ya ce a kan raguna ma. Suka karya masa hannun dama, sannan suka miƙa shi ga 'yan sanda.

Bayan 'yan kwanaki injin ya fito. Ɗan mai gonar ne ya ɗauka ya kai wa wani abokinsa aro bai gaya wa uban ba, da ya ga abin ya girma tsoro ya hana shi magana. Aka sako Auta. Na ɗauka wani zai zo ya ce a yi haƙuri. Ba wanda ya zo. Da na tari ɗaya daga cikin 'yan sintirin a hanya na ce ba su ji tsoron Allah ba, sai ya ce, "Hajiya, in bai ɗauki wannan ba ai ya ɗauki wani. Mai hali ba ya barin halinsa."

Na kai shi wurin mai ɗori. Hannun ya haɗe, amma a karkace, ba ya iya ɗaga shebur cike. Baba mai yashi ya dawo gida ba baki ba ƙafa, bai daɗe ba ya cika. 'Ya'yansa suka karɓi harkar. Ba su zagi Auta ba, ba su ce ya yi wani abu ba. Babban ya kira shi gefe ya ce masu tifa suna ƙorafi, su kuma ba sa son abin da zai riƙa kawo musu 'yan sanda bakin aiki. Ya miƙa hannu, Auta ya cire igiyar daga wuyansa ya ba shi.

Da yammar ranar na same shi a zaure, ya jingina da bango, karkataccen hannun a kan cinya. Na ce ya yi haƙuri, Allah yana sane, za mu nemi wani wurin.

Ya ce, "Yaya, da na ɗauki waya, mari biyu aka yi min. Da ban ɗauki komai ba, ga hannuna."

"Kar ka ce haka, Auta. Wanda ya yi haƙuri shi ke dafa dutse."

"Alƙali ya ba ni shekaru, na yi su sun ƙare. Waɗanda garin nan ya ba ni fa, wa zai gaya min ranar da za su ƙare?"

Na yi masa nasiha da duk abin da na sani, da Inna, da lahira. Yana ta gyaɗa kai. Bayan 'yan makonni na leƙa shagon na ga ba jakarsa. Zarto da gudumar suna nan a jingine a lungu. Daga baya na ji mai ɗingishi ya fito.

Kusan shekara ban sa shi a ido ba. Ranar da labarinsa ya zo, a bakin direbobi na ji, suna ci suna hira, wasunsu ba su san ƙanena ne ba. An tare motar 'yan kasuwa masu dawowa daga cin kasuwar shanu, an sari wani a kafaɗa da adda, an kama uku daga cikin 'yan fashin, har da Auta. Mutumin da aka sara na san matarsa, muna haɗuwa a wurin awo. 'Ya'yansu ƙanana ne, hannun nasa kuma bai ƙara moruwa ba. Auta ya ce ba shi ya yi saran ba, amma yana wurin, da makami a hannunsa. Ba ni da bakin kare shi. Har yau in na hango matar nan sai in sauya hanya, ba don ta taɓa gaya min magana ba.

Shekarun da aka ba shi wannan karon suna da yawa. Maigidana ya ce kada a ƙara kiran sunansa a gidansa. Yayyensa da Baffa suka raba gona, ba a ware masa ko taki ɗaya ba. Ni kaɗai nake zuwa, an ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, amma ni kaɗai ce ban yanke ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda nake samunsa yanzu. Ba ya kuka, ba ya ƙorafi. Ya yi ƙiba kaɗan. Shi ne shugaban ɗakinsu, shi yake raba wurin kwana, shi yake sasanta faɗa. A ɓangaren kafintoci shi yake nuna wa sababbi yadda ake riƙe zarto. Gandirobobi suna gaisawa da shi da sakin fuska. A wani zuwa na ce masa ana ta maganar afuwa a rediyo, ko in nemi wanda zai shigar da sunansa.

Ya yi murmushi ya ce, "Yaya, kar ki wahalar da kanki. In na fito ina za ni?"

"Wurina mana."

"Zaure?" Ya girgiza kai. "Nan ne kaɗai in abu ya ɓata ba ni ake fara kallo ba. Nan in na yi magana ana ji."

 Na taɓa fatan in gan shi cikin kwanciyar hankali, sai ga shi na gani, a inda ban so ba.

Wani tsohon gandiroba da muka saba, mai duba kayan masu ziyara, ya taɓa ce min su ba sa yi wa irin su Auta bankwana in za su fita, sai dai su ce sai an kwana biyu. Ba da mugunta ya faɗa ba. Ya ce, "Muna koya musu sana'a, mu buɗe ƙofa mu sake su hannu biyu. Ba kayan aiki, ba wanda zai tsaya musu. Wanda yake jiransu a waje da fara'a, wanda suka sani a nan ciki ne."

Ni ba mai ilimi ba ce, abinci nake sayarwa. Amma na daɗe ina juya abin nan a raina ina tsane shinkafa. Da ba a haɗa yaron da ya ɗauki waya ɗaki ɗaya da masu tare hanya ba. Da kafinta ɗaya ya ce ya zo ya gwada shi ko na wata guda ne. Da Baffa ya yankar masa ko bakin gona. Da masu gora sun tambaya kafin su ɗaga hannu. Na ga abin da ya yi aiki da idona, bai wuce mutum ɗaya ya ci abinci kwano ɗaya da shi ya ba shi amana ba. Sai dai mutum ɗaya ne a gari guda, kuma tsoho ne. Ban san yadda ake yi a mayar da irin halin Baba mai yashi ya zama doka ba, yadda in ya mutu wani zai ɗora. Kuma ban manta ba, Auta da ƙafarsa ya koma wurin mai ɗingishi, ba ɗaure shi aka yi aka kai shi ba. Duka biyun gaskiya ne, na kasa ajiye ɗaya in ɗauki ɗaya.

Yanzu gwiwoyina sun fara ba ni matsala, hawa mota zuwa Kano ya zama aiki. In Allah ya kai shi ranar fita, zai fito da furfura da hannu ɗaya da rabi, ban san ko ina nan ba.

A zuwana na baya-bayan nan, a layin masu ziyara, wata matashiya ta tsaya a bayana da sabon kwanon abinci mai marfi, tana ta rarraba ido. Daga gani zuwanta na farko ne. Na nuna mata inda ake ajiye waya, na ce ta shirya za a sa ta ɗanɗana abincin kafin a karɓa. Ta ce ƙanenta ne, buhun masara ya ɗauka, 'yan watanni aka ba shi, kuma wallahi ya yi nadama. Na ce mata tun yanzu ta fara neman wanda zai riƙe shi in ya fito, babban mutum mai sana'a, kada ta bari sai ranar. Ta dube ni da mamaki ta ce, "Ai Mama, mutanen garinmu ba su da matsala. Kowa ya san shi, yaron kirki ne."

Na ce Allah ya sa. Layi ya matsa, na ɗauki ledata na bi.